Katin Wi-Fi na kwamfutar cinya: n, ac ko ax, wanne ya dace da mai saye a Damagaram?

Mai sayen kwamfutar cinya ta hannu a Damagaram tambayoyinsa sanannu ne: Core i nawa ce, RAM nawa, batir yana riƙe wuta, allo bai taɓa tsagewa ba? Daga nan sai ciniki. Katin Wi-Fi kuwa, wannan ɗan falle da bai kai faɗin yatsu biyu ba, ba mai waiwayarsa sai an kai kwamfuta gida an ga tana jan ƙafa, alhali wayar da ke gefenta tana gudu a kan akwatin Wi-Fi guda. A nan ne ake fara zagin rezo, wani lokaci da gaskiya, wani lokaci kuma laifin yana cikin cikin kwamfutar.

Matsayata tun daga farko ita ce: ga yawancinmu a nan, katin da ya dace shi ne mai zango biyu, wato mai aiki a mitar rediyo biyu, 2.4 da 5 GHz, mai eriya biyu, na ajin ac. Wanda ya gaza haka zai takura ka, wanda ya fi haka kuma sau da yawa kuɗinsa kawai za ka biya ba tare da ka mori ƙarin ba. Amma akwai mutanen da wannan hukunci bai hau kansu ba ta kowane ɓangare, shi ya sa sai an bi abin daki-daki.

Haruffan da ke jikin kati

Duk katin Wi-Fi yana bin ƙa'idar da ake kira 802.11, sai a liƙa mata harafi a ƙarshe don nuna zamani. A 1999 aka fitar da b mai megabit 11 a daƙiƙa a kan 2.4 GHz, da a mai 54 a kan 5 GHz. A 2003 g ya zo da 54 a kan 2.4. Waɗannan uku sun tsufa, ba na jin akwai wanda zai sayi kwamfutar da ta tsaya a kansu yau, sai dai don buga takardu. Gasar tana tsakanin n na 2009, ac na 2013, da ax da ya shigo kasuwa a 2019. A 2018 ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta ba su lambobi don sauƙin faɗa: n ya zama Wi-Fi 4, ac Wi-Fi 5, ax Wi-Fi 6. Akwai 6E da Wi-Fi 7 a bayansu, amma amfaninsu na gaske yana buƙatar zangon 6 GHz da akwatin da ya iya shi, don haka na ajiye su gefe.

Harafin shi kaɗai ba ya gaya maka sauri, kuma a nan ne masu saye suka fi ruɗewa. Abu uku ne ke haɗuwa su ba da lamba: ajin kati, yawan eriyar da yake aiki da su lokaci guda, da faɗin tashar da aka buɗe masa. Katin n mai eriya ɗaya a tasha mai faɗin 20 MHz iyakarsa megabit 72. Idan tashar ta kai 40 MHz sai ya kai 150. Mai eriya biyu ya ninka: 144 da 300. Katin ac mai eriya ɗaya a 80 MHz yana ba da 433, mai biyu 867. Na ax mai eriya biyu a 80 MHz yana kai 1201, a 160 MHz kuma 2402. Ke nan kwamfutoci biyu za su iya ɗauke da tambarin n, ɗaya tana haɗawa a 72, ɗaya a 300, mai shago kuma ya rantse maka duk ɗaya ne, kuma bai yi ƙarya da gangan ba.

Wata ƙa'ida da ya kamata a riƙe: ac a kan 5 GHz kaɗai yake aiki. Katin ac da ya haɗu da akwatin da 2.4 kawai yake watsawa komawa yake ya zama n. Kati da akwati kullum suna daidaitawa ne a kan abin da mai rauni a cikinsu ya iya.

Lambar da Windows ke nunawa ba ita ce za ka samu ba

Idan Windows ya ce saurin haɗi 300, wannan saurin da kati da akwati suka yi yarjejeniya a kansa ne, ba saurin saukar fayil ba. Wi-Fi ba ya aikawa da karɓa lokaci guda, kowace na'ura sai ta saurara ta ji iska babu kowa kafin ta yi magana, kuma kowane ƙunshin bayani sai an tabbatar da isarsa. Abin da ke rage maka bayan duk wannan yakan kama daga rabi zuwa kashi biyu cikin uku na lambar, idan kana kusa da akwati. Sannan megabit ba megabait ba ne: sai ka raba da 8. Mai haɗi a 72 zai iya ganin kimanin megabit 40 na gaske, wato megabait 5 a daƙiƙa, fayil mai gigabait 1 ya ci masa fiye da minti uku. Mai haɗi a 867 da ke samun 500 zai kwashe fayil ɗin cikin daƙiƙa 16.

To amma daga ina fayil ɗin zai fito? Yawancin masu kwamfuta a Zinder, wato Damagaram, intanet ɗinsu daga layin waya yake zuwa, na Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom, ta wayar hannu da aka mai da ita mai raba Wi-Fi ko ta ɗan akwatin aljihu mai cin sim. Irin waɗannan akwatuna da yawansu ajin 4G ɗin da suke kai iyakarsa megabit 150 ne a takarda, abin da ke isowa kuwa ya danganta da nisanka da eriyar kamfani da yawan mutanen da ke kanta a wannan sa'a. Faɗin bakin randa ba ya ƙara ruwan da ɗan garuwa ya kawo. In abin da ke shigowa gidan megabit 10 ne, katin 72 da katin 2402 duk 10 za su miƙa maka. Kuma 10 ɗin ba kaɗan ba ne ga aikin yau da kullum: YouTube da kansa megabit 5 yake nema don bidiyo mai 1080p, 20 don 4K.

Mai karatu zai ce to ai magana ta ƙare, kowane kati ya isa. Ba ta ƙare ba, domin abin da ya sa nake guje wa katin 2.4 zalla ba ƙarancin lambarsa ba ne, cunkoson da yake zaune a ciki ne.

Zango biyu, hali biyu

Zangon 2.4 GHz ƙunci gare shi. Tashoshi uku ne kacal a cikinsa da ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. A cikin wannan ɗan fili ne kowace waya mai raba intanet, kowane akwatin aljihu, belun kunne na Bluetooth da linzamin kwamfuta mara waya suke kokawa. Ka zauna a ɗakin karatu na jami'a lokacin da ɗalibai ke rubutun kammala karatu, ko a jerin shagunan buga takardu, ka buɗe jerin sunayen Wi-Fi: zai zarce tsawon allo, kuma galibinsu a 2.4 suke. A irin wannan wuri alamar Wi-Fi tana cike taf, amma kiran bidiyo yana yankewa, shafi ya tsaya ya yi tunani kafin ya buɗe. Ƙarfin sigina ne alamar ke aunawa, ba ta san komai game da jiran layi ba. Zangon 5 GHz yana da tashoshi masu yawa, kuma siginar maƙwabta ba ta cika ƙetaro bango ta dame ka ba. Kati mai zango biyu yana ba ka ƙofar fita daga wannan turmutsitsi, ko da intanet ɗin da ke bayansa megabit 10 ne.

Sai dai abin da ya sa 5 GHz ya zama mai tsabta shi ne kuma rauninsa. Ba ya jure bango. Wanda ke zaune a Birni cikin gidan ƙasa na gado, mai katanga da kaurinta ya kai kamu biyu ko fiye, ya san cewa akwatin da aka ajiye a zaure da ƙyar siginarsa ta 5 GHz za ta kai ɗaki na biyu. Ƙofar ƙarfe da rufin kwano su ma suna tare ta. A can 2.4 ne ke ratsawa, kuma tunda katangun suna tare na maƙwabta su ma, cunkoson da sauƙi. Ginin bulo na sababbin unguwanni ya fi barin sigina ta wuce, amma bango biyu ko uku na siminti sun isa su sauko da haɗin 867 zuwa ƙasa da rabinsa. Saboda haka ba zaɓi ne tsakanin zango mai kyau da mara kyau ba. Kana bukatar duka biyun, ka hau 5 in kana ɗaki ɗaya da akwati, ka sauko 2.4 in ka koma tsakar gida.

Eriya ta biyu ma a nan take nuna amfaninta. Ba ninka sauri kaɗai take yi ba, tana taimaka wa kati ya tsinci sigina mai rauni, domin abin da eriya ɗaya ta rasa sau da yawa ɗayar ta kama. A gidan da sigina ke isowa a gajiye, wannan ya fi kowace babbar lamba daraja.

Katunan da za ka tarar a kasuwa

Kwamfutocin ofis da ake shigowa da su na hannu sun fi na gida sa'ar kati. HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470, ThinkPad T460 da T470 da sa'o'insu galibi suna zuwa da Intel 8260 ko 8265, ac ne mai eriya biyu, 867. Wannan shi ne abin da nake nufi da wanda ya dace. Tsofaffin da suka gabace su, irin ThinkPad T420 da T430 ko Latitude E6430, da yawa suna ɗauke da Intel Advanced-N 6205: n ne, amma zango biyu da eriya biyu, 300. Ban raina shi ba ko kaɗan. Ga mai intanet na sim, zan ɗauke shi a kan sabuwar kwamfuta mai sheƙi da aka cusa wa katin 2.4 zalla.

Waɗanda za a yi hattara da su su ne Realtek RTL8723BE, Atheros AR9285 da Broadcom BCM4313: eriya ɗaya, 2.4 kawai. Sun cika cikin kwamfutocin gida masu araha. A tsakiya akwai Intel 3160 da 3165, Realtek RTL8821CE da Qualcomm QCA9377, ac masu eriya ɗaya, 433. Suna shiga 5 GHz, don haka sun tsallake babbar matsalar, raunin nasu daga nesa yake bayyana. Akwai tarko guda a lambar 7260: Intel ya fitar da ita iri uku, Wireless-N mai 2.4 zalla, Dual Band Wireless-N, da Dual Band Wireless-AC. In mai shago ya ce maka "7260 ce, Alhaji, babu matsala", karanta cikakken sunan da idonka.

Dubawar ba ta cin minti biyu kuma ba a bukatar sukudireba. Yawancin Windows ɗinmu da Faransanci suke: buɗe Gestionnaire de périphériques, ka danna Cartes réseau, sunan katin yana nan. Ko ka buɗe baƙin allon cmd ka rubuta netsh wlan show drivers, ka nemi layin da ke jera nau'o'in rediyo. In ka ga b, g, n kaɗai, 2.4 ne zalla. In akwai a ko ac a ciki, yana shiga 5 GHz. Gwajin da ya fi kowanne sauƙi a bakin shago: kunna raba intanet a wayarka, ka sa zangonsa a 5 GHz in wayar ta iya, ka ga ko kwamfutar za ta hango sunan. In ba ta gani ba, ka sami amsarka, ka kuma sami dalilin neman ragi.

Wi-Fi 6 fa, na wa ne? Tun da Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025, an sami ofisoshi, ƙungiyoyi da masu sayar da Wi-Fi a unguwa da intanet ɗinsu kan wuce megabit 100 idan babu cunkoso. A nan katin 72 ya zama shi ne maƙogwaron da ke shaƙe komai. Amma ko a nan ac mai eriya biyu ya ɗauke nauyin da sauran wuri. Fifikon ax yana fitowa ne inda na'urori da yawa ke kan akwati ɗaya, domin yana iya yanka tasha guda ya raba wa mutane da dama a lokaci ɗaya maimakon kowa ya jira, kuma yana kawo gyaransa har cikin 2.4 GHz, abin da ac bai yi ba. Sharaɗin shi ne akwatin ma ya zama ax. In kwamfutar da ka so ta zo da katin Intel AX200 ko AX201, masu ajin ax, madalla. Ka ƙara jaka masu yawa domin katin kaɗai alhali da wayarka kake raba intanet, wannan ban ga dalilinsa ba.

In ka riga ka sayi mai rauni

Hanya uku ce a gabanka. Ta farko, sauya katin ciki. Idan mai gyara ya buɗe bayan kwamfutar ya hure ƙurar hunturu da ta taru, za ka ga katin ɗaure da sukuru ɗaya, da siraran wayoyi biyu, baƙa da fara ko toka-toka, kowace da ɗan maɓalli mai ruwan zinariya a kanta da ake dannawa ya ce ƙas. Wayoyin nan suna bi ta cikin marfin su kai saman allo, can eriya take, shi ya sa katin ciki ya fi na waje jin sigina. Ka ƙirga wayoyin kafin ka sayi komai: wasu kwamfutoci masu araha waya ɗaya aka ja musu, kati mai eriya biyu a cikinsu rabin aikinsa zai yi. Ka duba gurbin kuma: tsofaffi mini PCIe ne, sababbi M.2, maɓallan eriyarsu ma girmansu ya bambanta. Mai mini PCIe mafi kyawun abin da zai nema shi ne 7260 na AC. Mai M.2 zai iya sa 8265, AX200 ko AX210. Amma 9560 da AX201, duk da kamanninsu ɗaya da sauran, rabin aikinsu yana cikin uwar allon Intel da aka ƙera domin su, ba sa tashi a kowace kwamfuta. AX200 kuma ba shi da direba, wato manhajar da ke sa kati aiki, na Windows 7. Ƙari a kan haka, tsofaffin ThinkPad da wasu tsofaffin HP suna ƙin katin da ba ya cikin jerin da kamfani ya amince da shi; ThinkPad sai ta tsaya a kuskure mai lamba 1802 ta ƙi tashi gaba ɗaya. Shi ya sa nake cewa a sa katin a shago, a kunna a gaban idonka, sannan kuɗi ya fita daga aljihu.

Ta biyu, ɗan katin USB. Ba a buɗe komai, kuma ana iya cire shi a kai wata kwamfutar. Sai dai ƙananan nan masu kamar ƙwayar gyaɗa da aka rubuta wa 150, irin TL-WN725N, 2.4 ne zalla da eriya ɗaya ƙarama. Suna ceton kwamfutar da katinta ya mutu, ba sa inganta komai. Wanda ya cancanci saye shi ne mai AC a sunansa, kuma a san yadda ake karanta lambar: jimla ce ta zango biyu da ba za ka taɓa hawa lokaci guda ba. AC600 na nufin 433 a 5 GHz da sauran a 2.4, AC1300 na nufin 867 da 400. A zafin watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, ƙananan sukan ɗau zafi su riƙa sakin haɗi in an daɗe ana saukar da babban fayil. Mai doguwar eriya a waje ya fi juriya, ko da yake yana da saurin karyewa a jaka.

Ta uku ita ce wadda ba a cika faɗa ba don babu abin sayarwa a cikinta: ka tsallake Wi-Fi ɗin. In daga wayarka intanet ke zuwa, haɗa ta da kwamfuta da wayar caji mai ɗaukar bayanai, ka kunna rabawa ta USB. Babu cunkoso, babu bango, wayar kuma tana shan caji maimakon ta ƙone batir. In akwati ne a kan tebur guda da kwamfutar, igiyar Ethernet ta fi kowane kati kwanciyar hankali, sai dai a lura cewa akwatuna masu araha ramukansu a megabit 100 suke tsayawa.

Kafin ka kashe ko dala, akwai saituna da ke danne kati mai kyau. In tsaron akwatin yana kan tsofaffin tsarin kulle WEP ko TKIP, haɗin ba zai wuce 54 ba komai ajin katinka. Mai da shi WPA2 da AES. In ka ga 54 cur a kwamfutar da ta iya n, nan za ka fara dubawa. Akwatin da aka bari a yanayin gauraye na b/g/n yana rage gudu idan tsohuwar na'urar b ta hau; in ba ka da irinta, cire b ɗin. Buɗe 40 MHz a kan 2.4 a unguwa mai cunkoso yana ƙara lambar da Windows ke nunawa amma yana ƙara karo da maƙwabta, 20 ya fi zama lafiya. A shafin Avancé na katunan Intel, cikin Gestionnaire de périphériques, akwai wurin da za ka gaya wa kati ya fifita 5 GHz, domin in an bar shi yakan manne wa 2.4 don ya fi ƙarfi a kunnensa. IPhone daga 12 zuwa sama yana raba intanet a 5 GHz, sai an kunna maɓallin ƙara dacewa da tsofaffin na'urori yake saukowa 2.4, abin da mai tsohon kati ke bukata kafin ya ga sunan wayar. In kuma ka lura Wi-Fi na yin sanyi duk lokacin da aka ɗauke wuta kwamfuta ta koma kan batir, duba tsarin tanadin wuta na Windows: akwai layin katin mara waya a ciki, ka ɗaga shi zuwa cikakken aiki, ka san dai batirin zai ɗan fi saurin sauka.